Yaron da ya share fage a Gumel, da ogan da ya zo da filasha

1/ Zare ne mai ɗan tsawo, a kan wasan mawaƙa. Na san masoyan wasu za su yi min ca, ba komai. Tambayata ɗaya ce: in ka biya kuɗin ƙofa ka shiga wasa, waƙa ka je ji, ko fuskar mai waƙar ka je gani?

2/ Mu 'yan masarautar Gumel ba kullum manyan mawaƙa ke leƙo mu ba. Sai Sallah, ko bikin ɗan wani babba, ko kakar siyasa. Shi ya sa in an ce wane zai zo, za ka ga babura daga Maigatari, Gagarawa, Sule Tankarkar, Garki, kowa da goyo. Har 'yan uwanmu na Nijar sukan tsallako.

3/ Wani wasan Sallah ne, bayan an sauko daga hawa. An ce ƙarfe 8, har 10 ta gota babu oga babu labarinsa. Ba zan kama sunansa ba, don ba shi kaɗai ke wannan abin ba. Don kada a fara jifa da ledar ruwa, MC ya shiga kiran 'yan share fage ɗaya bayan ɗaya.

4/ Na huɗunsu wani siririn yaro ne, an ce daga wajen Sule Tankarkar yake. Bai ba DJ komai ba. Gurmi ne a hannunsa, sai abokinsa da kalangu a hammata. Wasu har sun fara "sauka! sauka!"

5/ Sai ya ɗauko waƙar rufe kan iyaka. Kun dai tuna: juyin mulkin Nijar a Yulin 2023, aka garƙame boda, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris 2024. Duk mai cin abinci a kasuwar Alhamis ta Maigatari ya san yadda watannin nan suka kasance. Yaron nan ya bi su ɗaya-ɗaya: dillalin shanu da ya koma zaman majalisa, ɗan dako, mai tuwo-tuwo da tukunyarta ta daina ƙarewa, amaryar da danginta ke can tsallake aka ɗaga bikinta.

6/ Wallahi wurin ya yi tsit. Sannan ya hango wani dattijo mai rawani irin na Damagaram a gefe, nan take ya saka shi cikin baiti, mai kalangu ya bi shi. Dattijon ya taso ya manna masa sefa a goshi. Muryarsa ta ɗan karye a sama, an ji, ba wanda ya damu. Ni kam tsigar jikina ta tashi.

7/ Yana tsakiyar waƙa ta biyu aka ji jiniya. MC ya zare makirfo daga gabansa, ko "mu tafa masa" babu.

8/ Oga ya hau, DJ ya soka filasha. Waƙar da ke wayata ce sak, har inda ake ambaton sunan sitidiyo. Muryar mace na ta amshi, alhali babu mace ko ɗaya a dandalin. Can wani alhaji ya zo liƙi, oga ya sauke makirfo ya rusuna yana gaishe shi, muryarsa kuwa na can cikin lasifika tana ta rera soyayya 😂 Waƙa biyar, hoto, mota, sai Kano.

9/ Kada a ce ban yi adalci ba. Waƙar zamani a sitidiyo ake gina ta, irin na titin Gidan Zoo a Kano: fiyano ɗaya ke fitar da ganga da algaita da komai, a ɗauki murya layi-layi, kwamfuta ta goge ta. Kafin a maimaita wannan a fili sai an ɗauko makaɗa da 'yan amshi, a biya motarsu da masaukinsu, a samu kayan sauti na kirki da janareta mai ƙarfi, a yi gwaji tun da rana. Mai shirya wasa a Gumel ba ya son wannan lissafin. Kuma yawancin mawaƙan nan sun iya waƙa fa, su ke rubuta abinsu. Abin da ke ƙona min rai ke nan: ya iya, amma bai yi mana ba.

10/ Mamman Shata, da ya rasu a 1999, da makaɗan kalangu da 'yan amshinsa yake yawo, a fili yake ƙera waƙa gwargwadon wanda ya gani a zaune. Ɗan Maraya Jos shi da kuntiginsa ne kawai. Barmani Choge da matanta da ƙwaryarsu. Ba kwamfuta, amma in sun yi wasa a garinku, abin da kuka ji a daren naku ne ku kaɗai.

11/ A waje ma abin ba wasa ba ne. A 1990 aka ƙwace kyautar Grammy daga Milli Vanilli bayan ta bayyana ba su suka rera waƙoƙin ba, baki kawai suke motsawa. Namu dai muryarsu ce, na yarda. Amma tikitin "wasa kai tsaye" aka sayar mana.

12/ Su kuwa 'yan share fage, galibi ba a biyansu ko sisi. Wasu ma su ke ɗan sunna wa MC wani abu don ya kira su. A fosta an sa hoton oga har kala uku, sunan yaron nan ko a ƙasa babu.

13/ Masu shirya wasan Sallah mai zuwa, abu biyu nake roƙo. Ku rubuta a fosta ko da makaɗa za a yi ko da filasha, kowa ya san abin da zai saya. Kuma ku sa sunayen 'yan share fage, a bar kowa ya ƙarasa waƙarsa ko da jiniyar wa aka ji.

14/ Wanda ya ɗauki bidiyon waƙar bodar nan daga gaba-gaba, don Allah ya ajiye min a ƙasa. Nawa daga baya na ɗauka, rabinsa ƙarar janareta ce.