Allon Zamiya da Koren Fasfo

Shekara goma sha biyu ke nan da na fara hawa allon zamiya, a tsaunin Cairngorm da ke arewacin Sikotland, lokacin ina karatun digiri na uku. Ga wanda bai san wasan ba, allo ne guda ɗaya mai tsawon kimanin mita ɗaya da rabi. Mutum zai tsaya a kansa a kaikaice, ya ɗaure ƙafafunsa biyu a jikinsa, sannan ya gangaro daga kan dutse bisa dusar ƙanƙara. Babu sanda a hannu, babu kuma birki sai gefen allon da zai dasa cikin ƙanƙarar. Rabin yinina na farko a zaune na yi shi, sauran rabin kuwa a kife. Mu huɗu ne ran nan, duk 'yan ofis ɗaya a jami'a: ni da wani Bajamushe da Baturke da ɗan Malesiya.

A daminar da ta wuce Bajamushen ya rubuto a zaurenmu na WhatsApp cewa ya kamata mu sake haɗuwa kafin gwiwoyi su ƙi. Ya kawo shawarar Chamonix, garin nan na Faransa da ke gindin tsaunin Mont Blanc, inda aka yi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a 1924. Kafin la'asar ɗan Malesiya ya samo jirgi, tunda fasfonsa ba ya buƙatar biza. Bajamushen kuma motarsa kawai zai tayar.

Ni kuwa sai na ɗauko takarda da biro. Kuɗin neman bizar Turai yuro 90 ne, kuma ko an hana ka ba a mayarwa. Ga inshorar lafiya da ba za ta gaza yuro 30,000 ba, ga bayanan asusun banki, ga wasiƙar wurin aiki da za ta shaida cewa kana da abin da zai dawo da kai gida. Inshorar tafiya ta yau da kullum sau da yawa ba ta ɗaukar raunin wasannin ƙanƙara, sai an ƙara kuɗi, alhali karayar wuyan hannu ita ce abin da ya fi samun ɗan koyo, domin da hannu yake tare faɗuwa. Sai masauki, da hayar allo da takalmi da hular kwano, da tikitin keken da ke ɗaga mutane zuwa saman dutse. Duk wannan da nairar da a farkon watan Yunin 2023 ake canzar da ita kusan 460 kan dala a hukumance, ta kuma haura 1,500 a 2024. Da na haɗa jimilla na kwatanta da albashina, sai na ninke takardar na tura ta ƙarƙashin littafi.

Mako uku na yi ina kwana-kwana. Yau in ce jarrabawa, gobe in ce duba takardun ɗalibai, jibi in rubuta "Allah Ya kai mu". An tashe mu a kan rufin asiri, kuma ban raina wannan tarbiyya ba, amma a nan sai ta zama ƙarya mai ladabi. Mutanen da suka san ni lokacin da muke raba tukunyar taliya ɗaya, su nake ɓoye wa cewa malamin jami'a mai digiri uku ba zai iya kwana bakwai a Faransa ba. Abin da ya fi damuna shi ne na lura na soma jin haushinsu, alhali ba su yi mini laifin komai ba.

A ƙarshe na rubuta musu gaskiya, har da alƙaluma. Bajamushen ya ce zai biya mini masauki. Na yi godiya na ƙi. Akwai girman kai a ciki, ban musa ba, amma na kuma san wanda aka ɗauki nauyinsa ba ya iya cewa abincin nan ya yi tsada, mu canza wuri.

Baturken ne ya warware ƙullin. Ya ce shi ma bizar Turai yake jin tsoro, domin fasfonsu bai tsira daga layi ba, kunya ce ta hana shi faɗa. Ashe mu biyu ne muke ɓuya a ɗaki ɗaya. Ya ce mu zo Erzurum, a gabashin ƙasarsu. Tsaunin Palandoken yana bakin garin, tsayinsa ya haura mita 3,000, kuma nan aka yi gasar hunturu ta ɗaliban jami'o'in duniya a 2011. Kuɗin zai ragu sosai, za mu sauka a gidan ɗan'uwansa, kuma ba sai na tambayi mai abinci wane irin nama ne ba. Biza dai tana nan a kaina, amma wannan lissafi ne da aljihuna zai iya kallo.

Wani abokin aikina da ya ji labari ya tare ni a bakin ofis. "Dakta, kuɗin nan da za ka kai wa ƙanƙara ta kayar da kai, ai da ka ƙara kaɗan ka yi umara." Ban da cikakkiyar amsa, kuma maganar ta kwana a raina. Na dai ce masa zumunci ma abu ne da ke mutuwa idan ba a taka masa ƙafa ba. Ya girgiza kai, bai gamsu ba.

Mun tsayar da mako na uku na watan Janairu. Takarduna suna wajen masu biza. Kullum bayan asuba ina tsugunne-tashi a tsakar gida don ƙarfafa cinyoyi, yara suna leƙe ta taga suna dariya. Maiɗakina kuwa sharaɗi ɗaya ta kafa: in sayi abin kare wuyan hannu tun kafin in hau dutse, domin in na dawo da ɗori, ba ita za ta duba takardun ɗalibai ɗari uku ba.