Daga Anka Zuwa Gummi: Wace Kaza Za Ka Kai Gida?

Idan ka baro Gusau ka karya kwana a Mayanci ka nufi yamma, hanya za ta kai ka Anka, mazaunin Sarkin Zamfara. Daga nan ta ratsa ƙasar Bukkuyum, ta bi ta Daki Takwas inda hanyar Zuru ta rabu, ta dire a Gummi. Duk kasuwar da ka tsaya a kan wannan hanya, kada ka yi saurin wuce layin masu kaji. Akurki-akurki ne jere, zakaru ɗaure da ƙafa, zabbi na ta kuka, ga yara riƙe da kaza ɗaya ko biyu da iyayensu mata suka aiko su sayar. Ka saurari harshen ma, don a nan farar kaza "hwara" ce.

Waɗannan yara su za su nuna maka matsayin kaza a wannan ƙasa. Shekarun satar shanu da hare-haren 'yan bindiga sun kwashe garake da yawa, har wanda ya rage da saniya ma ba ya son a sani. Kaza kuwa tana nan. Ita ce asusun uwargida: kuɗin magani, kuɗin makaranta, tukwicin unguwarzoma, abin yanka wa baƙo. Ana iya tusa ta a buhu idan gudu ya kama. Saboda haka in za ka ƙara kaji a gidanka, a nan ko a wani gari mai irin wannan hali, tambayar wacce ta fi girma ba ita ce ta farko ba. Ta farko ita ce: wacce za ta rayu, ta kuma hayayyafa, ranar da hanya ta rufe?

Hanyar tana rufewa kuwa. A watan Satumba na 2021 gwamnatin jihar ta rufe kasuwannin mako-mako, aka hana safarar dabbobi, aka katse layukan waya. Ka auna halin wanda a lokacin yake da kajin gidan gona ɗari masu jiran buhun abinci daga birni.

Shi ya sa nake ganin kazar Hausa ce ginshiƙi, kowace iri kuma ƙari ce a kanta. Ƙaramar aba ce, ƙwanta bai fi goma zuwa goma sha biyar a zubi ɗaya ba, kamar sau uku a shekara. Amma tana kwanci, kwana 21 ta fito maka da 'yan tsaki, ta yi tono ta ciyar da su, ta ga shirwa tun daga nesa ta tattara su ƙarƙashin fiffike. Dusa da tsaki da sauran tuwo sun ishe ta. A cikin kajin gidan ma akwai zaɓi. Ka nemi kajin Fulani idan ka samu, masu dogayen ƙafafu da faɗin ƙirji, sun fi sauran nauyi. Wadda wuyanta ba gashi, da yara ke yi wa dariya, ta fi jure zafin bazara, domin jikinta na saurin sakin zafi. Durgu mai gajerun ƙafafu kyakkyawar uwa ce a cikin gida, sai dai ba ta da gudu idan muzuru ya shigo.

A manyan garuruwan za ka ga masu sayar da wasu kaji manya masu launi kala-kala kamar na gida, waɗanda aka reno na 'yan makonni. Noiler ke nan, irin da kamfanin Amo ya samar a garin Awe na jihar Oyo. Tana kiwo a tsakar gida, tana cin abin da kazar Hausa ke ci idan an ɗan ƙara mata, kuma a wata uku zuwa huɗu zakaran kan haura kilo biyu. Mai son abin sayarwa da Sallah ya ƙirga watanninsa ya saya. Aibinta biyu: ba kasafai take kwanci ba, sannan nauyin jiki ya hana ta zafin nama. Ƙwanta sai ka sa wa kazar Hausa ta ƙyanƙyashe, kuma 'ya'yan ba lallai su kai iyayen girma ba.

Akwai ShikaBrown, wadda cibiyar binciken dabbobi ta Shika a Zariya ta fitar don yanayinmu. Kazar ƙwai ce, tana iya haura 250 a shekara, amma fa da sharaɗin cikakken abinci da ruwa da inuwa. Ka ba ta dusa zalla, ta rama maka da rowar ƙwai. Buroila kuwa, mai isa yanka a mako shida zuwa takwas, sana'a ce daban mai son jari da kasuwa a kusa. Zafin Afrilu na wannan yanki yana kashe ta a tsaye.

Zabbi fa? A ƙauyukan nan ba a raba su da kaji. Zabuwa na zuba ƙwai da damina amma ragguwar uwa ce, don haka ake kwasar ƙwan a sa wa kaza, ta kwanta a kai kusan mako huɗu. Ka ga wani aikin kuma da kazar Hausa kaɗai za ta yi maka.

Yanzu ga abin da ya bambanta Anka da Bukkuyum da sauran wurare, kuma ina so ka tsaya a kansa. A farkon 2010 mutanen wasu ƙauyuka suka lura agwagi na ƙarewa, ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci. Bayan haka yara suka fara suma da farfaɗiya suna mutuwa. Likitocin ƙungiyar MSF da masu bincike suka gano gubar dalma ce. Duwatsun zinarin da ake haƙowa suna ɗauke da dalma mai yawa, ana kawo su cikin gida a daka a turmi ko a niƙa a inji, ƙurar ta bi ƙasa da ɗakuna da rijiyoyi. Yara sama da 400 suka rasu a ƙauyuka irin su Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, 'Yargalma da Tungar Guru. An kankare ƙasar gidajen an zuba sabuwa, Bagega kuma sai a 2013 aikin ya kai gare ta.

Kaza da agwagwa a ƙasa suke cin abinci, suna haɗiyar tsakuwa da turɓaya kullum. Dalmar da suka ci tana taruwa a hanta da ƙashi, tana kuma shiga ƙwai, dafuwa ba ta kashe ta. Wato kazar da na gama yabo saboda tono, tonon nan ne haɗarinta a gidan da ake sarrafa dutse. Haƙar zinari ba ta tsaya ba. Don haka ka tambayi mai kaza daga wane ƙauye ta fito, ko ana niƙa dutse a gidan. Ba rashin kunya ba ne. Idan kuma a unguwarku ake wannan aiki, ka killace kajin, ka zuba musu abinci a mazubi, ruwansu ya zama wanda kai ma za ka iya sha. Tsuntsayen gida suka fara mutuwa ba dalili, ka kai yara asibiti a duba su.

Gummi nata labarin na ruwa ne. Garin na kusa da gulbin Zamfara, ga fadamu, ga shinkafa, abin da ke nufin dusar shinkafa ba ta wuya kuma agwagwa na jin daɗi. Amma ambaliyar Agusta 2024 ta rushe gidaje masu yawa a garin. Wanda ke zaune a kwari ya ɗaga akurkinsa sama, kuma ya tuna cewa kazar Hausa na iya tashi ta hau katanga ko reshe, Noiler mai kilo uku ba ta iyawa.

In ka zo ciniki, ɗauki kazar a hannunka. Ido ya zama garau, tukku ja, hanci ba majina, gindi ba kashi manne. Shafa ƙirjin: in ƙashin ya fito kamar wuƙa, ajiye ta. Buɗa fiffike ka duba ƙwarƙwata. Sagara da ta kusa fara ƙwai ta fi tsohuwar kaza, zakara ɗaya kuma ya ishi kaji takwas zuwa goma.

Ka yi hattara da arahar hunturu. Lokacin ne annobar Niyukasul ke share gari, mai sa zawo kore da murɗewar wuya, kuma wanda ya ga kajinsa sun fara rusuna kai, kasuwa yake rugawa da su. Kaza ɗaya irin wannan ta isa ta ƙarar da na gidanka da na maƙwabta. Kowace ka saya, ka ware ta mako biyu kafin ta haɗu da sauran. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin rigakafin cutar, har da wanda ake ɗigawa a ido mai ɗan jure zafi. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida guda, sai ku haɗa kai da maƙwabta ku nemi malamin dabbobi, a yi kafin sanyi ya sauka, a maimaita bayan wata uku zuwa huɗu.

Kafin ka kama hanyar dawowa, ka tambayi direbobin tasha halin da take ciki a ranar, ka kuma taso da sauran rana. Kajin a sa su inda iska ke shiga, kada a cusa su a but.