Begen Da Ba Ya Jiran Ƙarshen Fim

Idan aka ce "bege" a gaban mai kallon finafinanmu, abin da zai fara zo masa a rai shi ne saurayi da budurwa a cikin lambu suna rera waƙa. Idan kuwa ɗan zawiyya ne, zai tuna da sha'irai masu begen Manzon Allah (SAW). To, amma a Rikoto, cikin garin Zuru inda aka haife ni, kalmar tana da ma'ana ta uku. A bakin Kiristocinmu, bege shi ne sa zuciya ga Ubangiji a lokacin da ido bai ga wata mafita ba. Akwai kuma abokiyar tafiyarta, wato "alheri", wadda su a wajensu take nufin kyautar da Allah ke yi wa bawa ba don ya cancanta ba.

Mai karatu na iya tambaya: me ya haɗa mai sharhin fim da wannan magana? Amsar ita ce gidanmu. A ƙasar Zuru ba abin mamaki ba ne ka tarar da wa yana tafiya masallaci, ƙane yana tafiya coci, su dawo su ci tuwo a akushi ɗaya, ranar bikin Uhola kuma kowa ya fito. Mahaifina Musulmi ne, ni ma haka. Yayarsa kuwa, Gwaggo, 'yar Zumuntar Mata ce a cocin UMCA, ɗarikar da ta samo asali daga Turawan mishan da suka zo yankinmu tun zamanin mulkin mallaka. Da Hausa suke sujada, da Hausa take karanta Littafi Mai Tsarki, wanda aka fara buga cikakkensa da harshenmu a 1932. Tuwon Sallarmu yana zuwa gidanta, shinkafar Kirsimetinta tana zuwa namu.

Tun ina makarantar kimiyya da fasaha nake rubuta sharhin fim, kuma na lura da wata ƙa'ida da furodusoshinmu ba su cika karyawa ba: duk wanda ya yi haƙuri, sai an biya shi kafin fim ya ƙare. Ku tuna da Sangaya na 1999, wanda Ali Nuhu da Fati Muhammad suka fito a ciki. Yarinyar da ake wulaƙantawa a gidan sarauta ita ce a ƙarshe ta ɗaukaka. Haka littattafan soyayya suke: marainiya ta sha wuya a hannun kishiyar uwa, a shafi na ƙarshe attajiri ya aure ta. Ba na cewa laifi ne, domin Bahaushe ya ce mahaƙurci mawadaci. Sai dai wannan salo ya koya mana cewa haƙuri ciniki ne, ka ba da kuka a ba ka dariya, cikin awa biyu.

Abin da ya sami ƙasarmu bai bi wannan ƙa'ida ba. A watan Yuni na 2021 'yan bindiga suka kashe mutum 88 a ƙauyukan Danko/Wasagu. A cikin watan dai, ran 17, aka kwashe ɗalibai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri, wasu daga cikin 'yan matan ba su ga iyayensu ba sai a 2023. A watan Maris na 2022 aka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba, fiye da 60 suka rasu. Mutanen ƙauye suka yi ta kwararowa Zuru da 'yan ƙunshin kayansu a ka. Garin da ake yi wa kirari da sojoji, wanda ya haifi manyan janar-janar irin su Ishaya Bamaiyi da marigayi Sarki Muhammadu Sani Sami, shi ne ya zama mafakar waɗanda noma ya gagara.

A daminar 2022 aka ɗauke ɗan Gwaggo na biyu, taubashina, yana gona ta wajen Wasagu. Aka sayar da shanun huɗa biyu da babur, dangi Musulmi da Kirista suka yi karo-karo, aka kai abin da aka nema. Wayar da ake kira da ita ta daina shiga. Har yau da nake wannan rubutu, ba shi ba labarinsa.

Da a fim ne, an san abin da zai biyo baya: a nuna uwa ta ɗaga hannu sama, a saka kiɗan tausayi, sai a ji sallama a ƙofa. Gwaggo ba ta ji sallamar ba. Abin da na gani shi ne ta buɗe ɗakin yaron ta saukar da wata mata da 'ya'yanta huɗu da suka gudo daga ƙauye, kuma matar Musulma ce. Duk ranar taronsu 'yan zumunta sukan kawo kwanon dawa ko na masara, a tara a raba wa baƙin. Da damina ta zagayo, ta shuka ɗan filin da ke bayan gida, ta keɓe kunya biyar ta ce na mai ɗakin ne, in ya dawo ya samu.

Wata rana na kasa daurewa na ce, "Gwaggo, kullum kina durƙushe kina addu'a, ga hidimar coci, ga ta baƙi. Ba kya jin cewa an daɗe ba a amsa miki ba?"

Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ɗana, kai Badakkare ne, ka san golmo. Saurayi ya yi wa surukai noma shekara 7, ranar da ya gama ya ce a ba shi matarsa, kuma dole a ba shi. To, mu ba golmo muke yi wa Ubangiji ba. Ba ya riƙe da bashina. Numfashin da nake yi alherinsa ne, yaron ma da alheri aka ba ni shi. Ina roƙo a dawo mini da shi, gobe ma zan roƙa. In an dawo da shi, na gode. In ba a dawo da shi ba, na san hannun da yake ciki."

Kada a ɗauka ba ta kuka. Tana yi, wani lokaci har muryarta ta dishe. Ta ce mini Ayuba ma ya yi kuka, ya yi tambayoyi masu zafi, amma bai juya wa Allah baya ba. A imaninsu, in ji ta, Yesu Almasihu da kansa ya ɗanɗani azaba, saboda haka wanda suke kai wa kuka ya san zafin abin. Ni da na tashi da karatun tawakkali da ƙissar Annabi Ayuba, maganar ba ta zame mini baƙuwa ba, ko da yake aƙidarmu ta bambanta a wurare da dama.

Jarrabawa mafi girma da na ga ta ci ita ce ta ƙarshen 2025. Ran 17 ga Nuwamba aka sace 'yan mata 25 a makarantar sakandare ta Maga, aka kashe mataimakin shugaban makarantar. Kwana huɗu bayan haka aka kwashe ɗaruruwan yara a makarantar Katolika ta Papiri a Jihar Neja. Gwaggo da ƙawayenta suka yi azumi, ba su tsaya tantance addinin yaran ba. 'Yan Maga suka dawo bayan mako guda, na Papiri kuma aka gama sako su dab da Kirsimeti. Na zuba ido in ga yadda uwar da nata ɗan bai dawo ba za ta karɓi murnar wasu. Wallahi ita ce ta fara rangaɗa guɗa a tsakar gida, ta ɗaura ankon zumunta ta tafi coci godiya.

A nan nake da kira ga marubuta da daraktocinmu. Masu kallonmu a Zuru da Zamfara da Birnin Gwari da yawansu suna zaune ne a tsakiyar labarin da ba a san ƙarshensa ba. Idan kullum muna nuna musu cewa mai gaskiya yana samun sakayya nan take, me muke faɗa wa uwar da ta shekara da shekaru tana jira? Cewa addu'arta ce ba ta kai ba? Muna bukatar fim ɗin da zai nuna mutum yana dogara ga Allah alhali ƙofar ba ta buɗe ba, yana kuka yana kuma ciyar da maƙwabci. Muna kuma bukatar a riƙa ganin Kiristan da Hausa ce harshen addu'arsa a finafinanmu a matsayin mutum mai gida da dangi da imani, domin yana nan a cikinmu, kuma yana kallon finafinan.

Allah Ya bayyana waɗanda ke hannun miyagu, Ya sanyaya zukatan iyayensu, Ya mayar da manoma gonakinsu lafiya. Amin.