Tarin da muka saba da shi

An ce in rubuta muku wani abu a wannan makon, sai na ga gara in ba ku labarin gidana.

Ɗana na biyu ya yi ƙyanda yana ɗan shekara 2. Allurar rigakafin da ake yi wa jariri a wata 9 ta wuce shi, lokacin muna hidima a wata ikkilisiyar ƙauye, ni kuma kullum ina ce wa mahaifiyarsa sai mako mai zuwa. Ƙyandar ta sauka masa a ƙirji, aka kwantar da shi da ciwon huhu, ya tashi. Muka yi godiya a gaban jama'a. Tarin ne bai tafi ba.

Tari ne mai majina, ya fi yawa da sassafe. Shekara 4 muna sayen maganin tari na ruwa a kemis. Sau biyu aka gwada shi tarin fuka, babu. Wata dattijuwa a zumuntar mata ta ce hari ne, muka yi azumi. Abin da har yau nake jin kunyarsa shi ne, ni da ke zagaya gidajen marasa lafiya duk Laraba, kunnena ya daina jin tarin da ke cikin ɗakina. Na mai da shi kamar carar zakara.

Wata malamar makarantar Lahadi, ma'aikaciyar jinya, ita ta riƙe hannunsa ta ga kan yatsunsa sun fara kumbura. Ta ce, "Baba Fasto, ku kai yaron nan babban asibiti, kada ku jira."

Hoton ƙirji na yau da kullum bai nuna wani abin kirki ba, sai da aka yi na CT. Likita ya zana mana itace mai rassa a takarda, ya ce haka hanyoyin iska suke a huhu, suna ƙara sirancewa. Na yaronmu wasu sun buɗe sun saki, majina tana kwanciya a ciki, ƙwayoyin cuta suna hayayyafa, kumburi yana ƙara lalata bangon hanyar, sai majinar ta ƙara taruwa. Sunan ciwon buronkiyektasis. A Turai akan haɗa shi da wata cutar gado, sistik faiburosis, amma yaran da ba su da ita ma suna kamuwa bayan ƙyanda, tarin shiƙa, tarin fuka, ciwon huhu mai tsanani, ko raunin garkuwar jiki. Har ƙwayar gyaɗa da yaro ya shaƙa ta maƙale a hanyar iska tana iya jawo shi.

Maganar da ta fi taɓa ni ita ce, tari mai majina da ya wuce mako 4 a jikin yaro dole likita ya bincike shi. Idan an kama da wuri, sau da yawa maganin kashe ƙwayoyin cuta na mako 2 zuwa 4 yana isa, kuma ko hanyoyin sun fara buɗewa, a jikin yaro suna iya komawa daidai. Mu mun kai shi bayan shekara 4.

Ban daina yi masa addu'a ba, kuma ban yarda da mai cewa zuwa asibiti ƙarancin bangaskiya ne ba. Amma na san azumin nan ya fi mini sauƙi a kan neman kuɗin mota zuwa birni.

Ku da kuke koyar da yara ranar Lahadi, ku kasa kunne. In kun ji yaro ɗaya da tari ɗaya wata bayan wata, ku samu iyayensa cikin ladabi, ku tambayi katin rigakafin ƙannensa ma.

Yanzu yana da shekara 9. Mun raba shi da hayaƙin murhu. Kowace safiya, kafin addu'ar iyali, yakan kwanta a kan cinyata, in dunƙule tafin hannu kamar ludayi in riƙa bubbuga bayansa yadda aka koya mana, har majinar ta fito. Jiya ya ce yana so ya shiga ƙungiyar mawaƙa, likitansa kuma ya ce a bar shi.