Damatsiri, Maƙwabcinmu Na Fadama



Mu da muka tashi a Zauro, tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, fadamar gulbin Rima ce ta raine mu. Shinkafa muke nomawa damina da rani, kuma duk mai shiga kunyar shinkafa ya san ba shi kaɗai ne a ciki ba. Cikin maƙwabtanmu na wurin akwai damatsiri, siririn koren macijin nan da ke silalewa tsakanin ciyayi.

Bari mu siffanta shi yadda muka san shi. Jikinsa kore ne shar kamar ɗanyen ganye, wutsiyarsa doguwa, tsawonsa bai cika wuce mita ɗaya ba. Idanunsa manya ne. Da rana yake yawo, da safe kuma akan same shi kan reshe yana shan hantsi, domin maciji ba ya samar wa jikinsa ɗumi da kansa, rana yake dogaro da ita. Shi ya sa ganinsa ke raguwa da hunturu. Yana hawan itace, yana kuma iyo. Abincinsa kwaɗi ne da ƙananan ƙadangaru, abin da ke kai shi bakin ruwa ke nan. Harshen da yake zarowa ba na sara ba ne, da shi yake sansanar iska. Macen takan zuba ƙwai cikin ruɓaɓɓen ganye mai danshi, ta kama gabanta. In ya ji motsin mutum gudu yake yi. In an rutsa shi sai ya kumbura wuya don ya ba da tsoro, amma ba shi da dafin da ke kashe mutum.

Duk da haka sanda ce rabonsa. Ba mu ga laifin manomi ba, don an ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Kububuwa, wadda ake yi wa laƙabi da gobe-da-nisa, ta raba iyalai da yawa da masu ciyar da su a Arewa. A Kaltungo ta jihar Gombe akwai asibiti sukutum na masu saran maciji, kuma a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka saran maciji cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Tsoron yana da dalili. Sai dai kububuwa gajeriya ce, launin ƙasa gare ta, ta fi fitowa da dare, kuma takan goga jikinta ta yi ƙara kafin sara. Ina haɗinta da damatsiri?

A nan batun ya shafi alƙalaminmu. A littattafai da finafinai da yawa maciji ɗaya ne tak: ko aljani, ko aike daga boka, ko kishiya da ta rikiɗa. Ba suna, ba launi, ba lokacin fitowa. Alhali kakanninmu sun raba su dalla-dalla: mesa, kasa, kumurci, gamsheƙa, kububuwa, damatsiri. Ko macijin rijiyar Kusugu a labarin Bayajidda suna gare shi, Sarki. Idan matashi ya tashi bai san komai ba sai "maciji", harshenmu ya yi asarar kalmomi, shi kuma ya yi asarar ilimin da zai iya tsirar da ransa.

Dubi abin da lura take ba marubuci. Damatsiri in ya mutu, korensa yakan juye ya koma shuɗi-shuɗi. Wanda ya rubuta yaro tsaye a kan kunya yana kallon wannan sauyin bayan yayansa ya ajiye sanda, ya faɗi abu mai yawa game da tsoro da tausayi ba tare da ya yi wa kowa wa'azi ba. Irin wannan ba a samun sa a waya, sai an je an tsaya an duba.

Gargaɗi kuma ya zama dole. Ba kowane koren maciji ne damatsiri ba. Akwai wani na bishiya mai gajeren kai da mugun dafi. Kada a kama, kada a tsokana, a ba shi hanya ya wuce. Wanda aka sara, kada a tsaga wurin ko a tsotsa, kada a ɗaure tamau, a garzaya da shi asibiti.

Aikinmu na wannan mako: kowa ya nemi dattijo manomi ko masunci a garinsu, ya tambaye shi sunayen macizan da ya sani da halin kowanne, ya rubuta sakin layi ɗaya a kan guda daga ciki. Mu a nan za mu fara da masuntan Argungu.

Allah ya ƙara wa alƙalumanmu albarka.