Hanyar zuwa Mars ba ta son mai gaggawa

Waɗanda suka saba jin muryata a rediyo sun san ni da labaran gari da na kasuwa, to yau kam sama za mu hau.

Akwai wani wasan kwamfuta da nake bugawa in na tashi daga aiki, sunansa Kerbal Space Program. Kamfanin Squad na ƙasar Meksiko ne ya ƙirƙiro shi, ya fito cikakke a 2015. A ciki kai za ka haɗa kumbonka, ka zuba masa mai, ka harba shi daga wata duniya da ake kira Kerbin zuwa Duna, wata jar duniya mai kama da Mars. Duniyoyin na wasa ne, amma lissafin tafiyar na gaske ne. In manka ya ƙare a hanya, to shi ke nan, sama jannatinka sun maƙale.

Abin da wasan ke fara koya maka shi ne, ba a nufar Duna kai tsaye. Kerbin da Duna duk gudu suke suna kewaya rana, kowace a kan hanyarta. Maharbin da ke son tsuntsu mai tashi ba ya saita inda tsuntsun yake, sai inda zai kai. Haka nan ma: za ka bi wata lanƙwasasshiyar hanya, rabin kewayen rana, ku yi kiciɓis da Duna can ɗaya gefen. Wani injiniya Bajamushe, Walter Hohmann, shi ya bayyana wannan dabara tun 1925. Ka kunna inji a farko, ka kashe, jan rana ya yi ta lanƙwasa maka hanya, sai ka kusa isa ka sake kunnawa.

Amma fa sai ka jira lokaci. Dole Duna ta kasance gaban Kerbin da wajen digiri 44 kafin ka tashi. A wasan ana auna mai ne da yawan gudun da zai iya ƙara wa kumbo. Barin ƙasa zuwa kewayen Kerbin yana cin wajen mita 3,400 a daƙiƙa. Daga nan zuwa Duna, in ka dace da lokaci, ɗan sama da 1,000 ya ishe ka. In ka yi gaggawa, sai ka ƙara mai. Shi kuma mai nauyi gare shi, sai ka ƙara wani man da zai ɗauki wancan. Kafin ka ankara kumbonka ya zama dutse.

Wata dabarar kuma, ka ƙona manka kusa da duniyar da za ka bari, wajen kilomita 80 a saman Kerbin, inda kumbo ya fi gudu. A nan ne kowane ɗigo ya fi amfani. In ka isa Duna, iskar da ke lulluɓe da ita za ta taya ka birki kyauta.

Kada ku ce zancen wasa ne kawai. Tsakanin duniyarmu da Mars, damar tashi tana zuwa ne kusan sau ɗaya a wata 26. Shi ya sa a watan Yulin 2020 Daular Larabawa da Sin da Amurka duk suka harba kumbunansu cikin kwanaki kaɗan, suka kuma isa a Fabrairun 2021. Kumbon InSight na Amurka da ya rasa damar 2016 saboda matsalar wata na'ura, sai da ya jira Mayun 2018. Ita kuwa Indiya, rokarta ba ta da ƙarfi sosai. Da ta harba Mangalyaan ranar 5 ga Nuwamban 2013, sai kumbon ya yi kusan wata guda yana kewaya duniya, yana kunna inji a daidai inda ya fi kusa da ƙasa. Ya isa Mars ranar 24 ga Satumban 2014, a gwajin farko.

Abin da ya sa na kawo wannan magana shi ne, a lise mun haddace dokokin Kepler da na Newton da Faransanci, mun juye su a takardar jarrabawa, mun wuce. A wasan nan ne na ga suna aiki da idona: ka ƙara gudu a wannan gefe, hanyarka ta ɗaga a wancan gefe. Sai ga shi yau ina bayaninsu da Hausa.

Don haka iyaye, in kun ga yaro ya duƙufa kan kwamfuta, kafin ku kwace, ku tambaye shi me yake bugawa. Wani wasan ɓata lokaci ne, gaskiya. Wani kuwa fizik ne ya sake riga. Malaman lise, ku ma ku duba, ko minti goma aka nuna wa ɗalibai a aji, zai yi abin da allo da alli suka daɗe suna fama.

Wanda ya taɓa kai kumbo Duna a cikinku, ya faɗa mana man da ya rage masa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.