Ɗan Littafin Maigatari

Sa'ad da kwamitin wannan mujalla ya roƙe mu mu kawo rubutu da Hausa, niyyarmu ita ce mu yi magana a kan zuwa aji da wuri. Amma da muka buɗe akwati muna neman wani tsohon littafin shirin darasi, sai muka ci karo da wani ɗan littafin rubutu mai shuɗin bango, wanda gara ta ɗan taɓa gefensa. Ya tuna mana da wani laifi namu, kuma a kansa za mu yi magana.

Mu da muka yi firamare a ƙarshen shekarun 1980 mun san darajar takarda tun muna ƙanana. Akan raba fensir biyu da reza, a ba wa da ƙane. Littafin rubutu kuwa akwai mai warƙa 20, da mai 40, da mai 60, kuma a bayan bangonsa akan buga jadawalin lissafi, daga biyu sau ɗaya har sha biyu sau sha biyu. Da yawa daga cikinmu a bayan littafin Onward muka haddace shi, muna tafe a hanya. A watan Agusta na 1991, da aka cire Jigawa daga Kano, wasunmu sun soke sunan tsohuwar jiha a bangon littafi suka rubuta sabuwa a kai, gama ba wanda za a saya wa sabon littafi saboda an yi sabuwar jiha. A shekarun nan ne masana'antun takarda na Jebba da Oku Iboku suka yi ta ja da baya har suka tsaya, ƙasa ta dogara ga takardar waje. Mu dai abin da muka gani shi ne fuskar iyaye a farkon kowane zango.

Duk da haka, da muka fito daga kwalejin horon malamai da takardar shaida a hannu, sai muka manta. Muka shiga aji da dokoki: kowane darasi da littafinsa, a ja layin gefe da rula, a sa kwanan wata a sama ta dama, ba a taɓa jan biro sai malami. Dokokin ba su da aibi, har yau muna bin su.

A shekararmu ta biyu da fara koyarwa akwai wani yaro a aji ɗaya, daga wani ƙauye a ƙasar Sule Tankarkar. Ba ya magana, yana zama can baya kusa da taga. Ranar da muka karɓi littattafai domin dubawa, sai muka ga nasa dabam. Maimakon layukan da muka saba da su, kowane shafi cike yake da ƙananan gidaje da siraran layuka masu launin shuni. Abin da ya fi ɓata mana rai, darussa uku ya haɗa a ciki: Lissafi daga gaba, Turanci daga baya, Hausa a tsakiya. Muka ɗaga shi sama a gaban aji muka ce, “Wannan littafi ne ko gidan dara?” Aji ya fashe da dariya. Muka mayar masa ba mu sa ko ɗigo ba.

Kwana uku ba mu gan shi ba. A rana ta huɗu sai ga mahaifinsa a ƙofar ofishin malamai, ya tuɓe takalmi, ya rusuna, ga shi kuwa ya haife mu.

“Malam, an ce littafin yaron nan bai yi ba.”

“I, Baba. Ba irinsa muke amfani da shi ba.”

“To, Malam, a yi mana haƙuri zuwa kaka. Ranar Alhamis na kai akuya Maigatari. Na biya kuɗin makaranta, na sayi takalmi da sabulu. Abin da ya ragu shi na ba wani ɗan Nijar, ya ce irin wanda 'yan lakwal suke rubutu a ciki ke nan.”

Ba mu tuna amsar da muka ba shi ba. Abin da muka tuna shi ne, bayan ya tafi, wani dattijon malami da yake zaune a kusurwa yana duba takardun gwaji ya ce, ba tare da ya ɗaga kai ba, “Ɗana, ka dai buɗe littafin ka karanta?” Gaskiya ba mu karanta ba, layukan kawai muka gani. Washegari da yaron ya dawo muka karɓa muka duba. A ajin nan na yara sama da arba'in babu mai hannu kamarsa. Kowane harafi ya zauna a mazauninsa, ƙugiyar ɗ da ƙ da ɓ duk sun fito sarai, abin da har manyan ɗalibai suke yi wa ganganci.

Daga baya ne muka san asalin littafin. Mutanen Nijar suna ce masa kaye, kamar yadda suke ce wa biro bik, malamin makaranta kuma mushe. Layukan nasa wani mai sayar da littattafai ne a Faransa, Jean-Alexandre Seyès, ya tsara su a 1892. Tsakanin manyan layuka milimita 8 ne, an kuma raba shi da siraran layuka kowace milimita 2. Ƙaramin harafi kamar a ko o gida ɗaya yake ci, masu tsawo su hau sama, masu wutsiya su sauka ƙasa, kowanne da iyakarsa. Wato takardar da kanta take koya wa hannu. Yaran Damagaram da Magarya da Maraɗi da ita suke tashi, shi ya sa rubutun wanda ya yi lakwal ba ya ɓuya. Daga Gumel zuwa iyaka tafiyar ɗan lokaci kaɗan ce a mota, amma mun gama kwaleji ba mu taɓa jin labarin wannan ba.

Mun saya wa yaron littattafai irin namu, shi kuma ya bar mana nasa. Ba mu tabbata ba cewa mun yi masa alheri gaba ɗaya, domin a cikin faffaɗan layukanmu rubutunsa ya ɗan watse na zango guda kafin ya daidaita.

Tun daga ranar muka zama masu son kayan rubutu, har abokan aiki suna yi mana ba'a. In mun shiga kasuwa mukan tsaya wurin masu tebur, mu ɗaga warƙa mu duba ta a rana, mu ga ko tawada za ta huda. Takarda mai santsi sosai ba ta shan tawadar alƙalami, mai laushi kamar ta jarida kuma tana sha har ta bazu. Biro ba ruwansa da wannan, tawadarsa mai kauri ce, shi ya sa ya kori alƙalami da kwalbar tawada daga makarantu. Sunan ma na mutum ne, László Bíró, ɗan jarida daga ƙasar Hungary wanda ya yi rajistar ƙirƙirarsa a 1938. Bic mai jiki garai-garai da kowa ya sani kuwa a 1950 aka fara sayar da shi a Faransa. Shawara ɗaya a nan: abin da kuke so ya daɗe, kamar littafin kuɗin Zumuntar Mata ko rajistar aji, a rubuta shi da biro. Mun taɓa ganin rufin da ya yi yoyo ya wanke aikin zango guda da aka yi da alƙalami.

Kada kuma ku ɗauka takarda baƙuwa ce a ƙasar nan, ko Turawa ne suka koya wa mutanenmu son rubutu. Ku tsaya wata safiya kusa da makarantar allo, da ladabi, ku ga yadda ake feƙe alƙalamin gamba, da yadda ake haɗa tawada da gawayi da ƙaro, ƙaron nan da ake samu a jikin dakwara a dazuzzukanmu. Malaman da suka rubuta littattafai tun kafin zuwan boko, a kan takardar Italiya mai alamar jinjirin wata uku suka yi, wadda raƙuma suke kawowa Kano daga Tarabulus. Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya yada zango a Gumel a watan Maris na 1851 a hanyarsa ta zuwa Kukawa, a nan kuma wasiƙu daga Turai suka riske shi. Abin da ya gani a garin nan muna iya karantawa yau domin bai rabu da ɗan littafin rubutunsa ba.

Yanzu bari mu zo kanku. A 'yan shekarun nan mun lura da wata sabuwar al'ada, musamman ga 'yan manyan azuzuwa. Mutum ɗaya ya kwafi darasi, sauran su ɗauki hoton littafinsa da waya in an koma gida. Ba mu ƙi waya ba, mu ma muna da ita. Mun kuma san JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, WAEC ma ta fara bin sahu a 2024, saboda haka ba za mu tsorata ku da jarrabawa ba. Abin da muke gani a aji ne kawai za mu faɗa. Wanda ya rubuta da hannunsa dole ya karanta kalmar, ya riƙe ta a ka, ya sauke ta harafi-harafi, inda bai gane ba kuma hannunsa yakan tsaya, ya yi tambaya. Mai hoto ba ya tsayawa ko'ina. In muka yi tambaya bayan mako guda, mukan gane wanda ya rubuta da wanda ya ɗauka tun kafin su gama buɗe baki. Bara wata ɗaliba ta zo tana kuka, an sace wayar yayanta a tasha, darussan zango biyu suna ciki.

Mun san kuma akwai waɗanda ba lalaci ne ya hana su ba, littafin ne babu. Waɗannan ba za mu sake ɗaga littafinsu sama a gaban aji ba. Wanda ya haɗa darussa biyu a littafi ɗaya, ya sa tsinke ko zare a tsakani, za mu duba.

Ku da kuke fita bana, muna da roƙo. Mun saba ganin ranar gama jarrabawa ana yayyaga littattafai ana watsawa sama, saura kuma su ƙare a wurin mai ƙosai da mai tsire. Shafukan da kuka rubuta naku ne, ku tafi da su gida, ku sa a leda saboda gara. Amma kusan kowane littafi yana da fararen warƙa goma ko ashirin a baya. Ku kawo mana su. Akwai kwali a ofishin malamai, bayan ƙofa. A lokacin hutu mukan yanke su da reza, mu jera arba'in-arba'in, mu ɗinke da basilla da zare, mu yi musu bango da takardar siminti, domin 'yan aji ɗaya masu shigowa a watan Satumba. Wanda yake cikin gari kuma yana da hannun ɗinki, ya same mu ranar Asabar da safe.